"Haɗa min na ɗari biyar": shan magani ba tare da ganin likita ba a birnin Kano

Daga an idar da sallar Magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, da wuya a sami shagon da ya kai kemis ciniki a unguwannin Kano. Ko a Kurna ne, ko Ɗorayi, ko Rijiyar Lemo, ko cikin lungunan Fagge, abin da ake faɗa a bakin kanta kusan iri ɗaya ne. Mai adaidaita sahu ya tsaya ya leƙo: "Dakta, jikina kamar an yi min duka, haɗa min na ɗari biyar." Yarinya 'yar shekara tara ta miƙo kuɗi a dunƙule: "Wai in ji Umma a ba da na zazzaɓi, na yaro." Mai kemis ya jawo almakashi, ya yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, ɗaya daga wancan, ya ɗora kafso, ya zuba a 'yar leda ya ƙulle. "Ka sha yanzu, sauran da safe." Ba a tambayi shekarun yaron ba, balle nauyinsa. Ba a tambayi mai adaidaitan ko yana da olsa ko hawan jini ba. Sunan maganin ma ya tafi da guntun katin da aka yanke.

Ba kowane magani da mutum ya saya da kansa ba ne kuskure. Farasitamol don ciwon kai na yini ɗaya, ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, maganin tsutsar ciki, duk waɗannan an yarda mutum ya nema da kansa. Ɓarnar tana wani wuri ne. Abubuwa biyu da magani ya dogara a kansu sun fita daga cinikin: sanin ainihin cutar, da sanin adadin da ya kamata a sha. An maye gurbin na farko da sunan abin da mutum yake ji, an maye gurbin na biyu da abin da ke aljihunsa. Zazzaɓi ba cuta ba ne, alama ce ta cututtuka masu yawa. Naira ɗari biyar kuma ba ma'aunin magani ba ce.

Masu cewa jahilci ne ke kai mutane kemis ba su yi wa jama'a adalci ba. Lissafi mutane suke yi, kuma lissafin a fili yake. Wanda zai ga likita a Asibitin Murtala ko na Nasarawa sai ya yi sammako, ya yanki kati, ya bi layi, a rubuta masa awo, ya biya, ya jira sakamako, sannan ya fito ya sayi maganin. Ga ɗan dako a Kantin Kwari ko Singa, wannan yinin da ya tafi shi ne cefanen gidansa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, Kano kuma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, amma mafi yawan masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa ba sa ciki. Sai kuma tsadar da ta biyo bayan faɗuwar naira daga 2023, shekarar da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, magunguna da yawa suka ninka kuɗi. Mai kemis kuwa yana bakin layi, ya san mutum ya san iyayensa, yana buɗe har dare, kuma yana cewa "je ka, ka kawo gobe." Babu asibitin da ke faɗin haka.

Sai dai kalmar "kemis" ta haɗe shaguna iri biyu da doka ta raba. Akwai famasi, wanda dole a sami masanin harhaɗa magunguna mai digiri a cikinsa. Akwai kuma ƙaramin shagon magani, wanda PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna da sayar da su, ke ba wa lasisin sayar da magunguna masu sauƙi kawai, a cikin kwalinsu na asali. Wannan lasisi bai ba shi izinin yin allura ba, ko ƙarin ruwa, ko sayar da magungunan da sai da takardar likita, ko yanka kati a haɗa. Mafi yawan abin da ake kira kemis a unguwa irin na biyun ne, kuma sau da yawa wanda ke tsaye a kantar ba mai lasisin ba ne, yaron shago ne da ya koya da gani.

A zazzaɓi aka fi yin asara. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, don haka ba abin mamaki ba ne duk zafin jiki a ce maleriya ne. Amma mura mai zafi, ciwon huhu, ciwon kunne a yara, cutar mafitsara, sanƙarau, duk da zazzaɓi suke farawa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Gwajin bai fi ɗigon jini ɗaya daga yatsa ba, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20, kuma ana samun na'urar a kemis da yawa. Layi biyu, akwai. Layi ɗaya, babu. Inda ake kuskure shi ne idan ya nuna babu, sai a ce "ɓuya ta yi", a sha maganin duk da haka, ainihin cutar kuma ta sami kwana uku tana ci. Wani abin lura: gwajin yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke, don haka wanda ya gama magani makon jiya zazzaɓi ya dawo, gwajin madubin asibiti yake buƙata, ba sake sayen kati ba.

Idan an tabbatar maleriya ce, maganin yana da ƙa'ida. Najeriya ta bar kulorokwin tun 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma haɗin da ake sayarwa da sunaye irin su Coartem da Lonart. Sha shida ne cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare na kwana biyu. A ƙananan ƙwayoyin masu lamba 20/120, mai nauyin kilo 5 zuwa ƙasa da 15 yana shan ɗaya a kowane lokaci, 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, wato ƙwaya 24 ga babba. Mai lamba 80/480 ƙwaya ɗaya ce a madadin huɗun, kuma ba ta yara ba ce. Dole a sha da abinci mai maiƙo ko madara, domin ɗaya daga cikin sinadaran biyu ba ya shiga jini sosai idan ciki babu mai. Abin da ake yi a gida kuwa shi ne, rana ta biyu jiki ya yi sanyi, sai a ajiye sauran "saboda gaba". Sinadarin farko mai saurin aiki ne, shi ya sauke zazzaɓin. Na biyun ne ke share ragowar, kuma shi aka katse. Bayan mako biyu ciwo ya dawo, a ce maganin jabu ne.

Daga nan sai a ce to taifod ne. Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan awo, wanda ake kira Widal, ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jini yake aunawa. A gari irin Kano, inda mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar a ruwa ko abinci, yana iya nuna akwai a jikin mai ƙoshin lafiya, maleriya ma tana iya ɗaga shi. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a shuka jinin a ɗakin awo a ga abin da ya tsiro. A kan wannan sakamako mai rauni ake shan sifro, wani maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, wani ma har da allurai na kwanaki.

Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya, wato antibayotik, su ne asarar da ba ta tsaya kan mai sha ba. Ampiclox bayan aski ko don ƙuraje, Flagyl da kafso ja da yalo duk lokacin da ciki ya juya, amoksisilin don mura. Mura bairos ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa bairos. Yawancin gudawar yara ma haka take. Shi kuma kafso ja da yalo, tetrasaikilin, yana ɓata haƙoran yaro ɗan ƙasa da shekara takwas har abada, kuma ba na mai ciki ba ne. Sifro idan aka haɗa shi da madara ko ruwan maganin olsa, aikinsa yana raguwa sosai. Septrin yana iya jawo wa wasu wani mummunan rashin jituwa da fata ke saɓulewa, baki da ido su yi gyambo. Duk wanda ya ga ƙuraje bayan ya fara sha, ya tsaya nan take ya nufi asibiti. Babbar illar kuwa a hankali take taruwa. Kafso huɗu a madadin na kwana biyar ko bakwai yana kashe raunanan ƙwayoyin, ya bar masu taurin kai su hayayyafa, su bi ruwa da hannu su shiga maƙwabta. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A aikace ma'anarsa ita ce jaririn da aka kwantar da cutar jini a ba shi maganin farko ya ƙi ji, na biyu ya ƙi, na ukun kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin uban.

Mu koma ga ledar mai adaidaita. Haɗin ciwon jiki yawanci ba ya rasa biyu daga cikin diklofenak, ibufrofen da firoksikam, sai farasitamol, sai wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya, deksametason ko firednisolon. Ukun farko dangi ɗaya ne. Haɗa biyu ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa. Suna rage majinar da ke kare bangon ciki daga tsami, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Mutumin da ya yini a ranar Afrilu, zafi ya haura maki 40, bai sha ruwa sosai ba, ko yana azumi, ƙodarsa tana cikin ƙunci tun kafin ya haɗiya. Ya sha haka kowane dare wata da watanni. Ranar da ya ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ciki ne ya fashe da zubar jini. Ƙoda kuwa ba ta yin ƙara. Sai ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, a je Asibitin Malam Aminu Kano a fara maganar wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako.

'Yar farar ƙwayar ita ce sirrin da ya sa ake cewa wane "hannunsa da kyau". Tana ɗauke kumburi da gajiya cikin sa'o'i, mutum ya tashi garau. Ita ce dai ake haɗawa da maganin buɗe ciki a sayar wa mata da sunan sha ka fashe. Ƙibar da take kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Tana tayar da ciwon suga da hawan jini, tana cinye ƙashi, tana raunana garkuwar jiki. Abin da ya fi muhimmanci a sani: wanda ya yi makonni yana sha kada ya daina rana ɗaya, domin jikinsa ya daina sarrafa nasa sinadarin, yankewa kwatsam na iya sa jini ya faɗi har a rasa rai. Likita ne ke rage shi mataki-mataki. Irin wannan sinadari yana cikin wasu magungunan ɗiga wa ido da ake saya lokacin apolo, kuma yawan ɗiga shi na iya kawo hawan ruwan ido da makantar da ba ta gyaruwa.

Maganar tiramadol da kodin an fi yin ta a babin shaye-shaye, amma da yawa daga ciwon baya da tari suka fara. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun yi amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, a shekarar ne kuma gwamnati ta hana ruwan maganin tari mai kodin. Tiramadol da aka amince da shi mai miligiram 50 ne da 100. Mai 200 da 225 da ke yawo a hannun matasa haramtacce ne, kuma yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

Ga yara, ko farasitamol ma sai da awo. Ƙa'idar ita ce miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini. Yaro mai kilo 10 zai sha har miligiram 150. A ruwan maganin da aka rubuta 120 a cikin mililita 5, wannan ya kama wajen mililita 6. Amma akwai na ɗigawa na jarirai mai miligiram 100 a kowace mililita guda. Uwar da ta cika cokali da shi ta ba da 500, fiye da ninki uku. Cokalin gida kuma ba ma'auni ba ne, a yi amfani da murfin awo ko sirinji marar allura. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya takwas masu 500, kuma a lissafa har da wanda ke ɓoye cikin magungunan mura da haɗin ciwon jiki. Farasitamol da ya yi yawa hanta yake ci, alamar kuma ba ta fitowa sai bayan kwana biyu ko uku. Asfirin da garin maganin ciwon kai mai ɗauke da shi ba na yara ba ne sam.

Gudawar yaro kuwa abin da ke kisa a cikinta ƙarewar ruwan jiki ne, kuma a nan ne kaɗai za a ce mutane ba sa yin maganin gida yadda ya isa. Ƙunshin gishirin ORS na lita ɗaya ana zuba shi a ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu masu santilita 50, a riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan, a zubar da ragowar bayan awa 24. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida. Idan babu ƙunshin, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwa lita ɗaya. Wannan ya fi Flagyl amfani nesa ba kusa ba.

Akwai imani mai ƙarfi cewa allura ta fi ƙwaya, ƙarin ruwa kuma ya fi allura. Shi ya sa bayan kantar kemis da yawa akwai labule da benci. Ruwan da ake ƙarawa ruwa ne da gishiri ko sukari, wanda ke iya sha da baki ba ya buƙatarsa, mai ciwon zuciya ko ƙoda kuma yana iya cika masa huhu. Allurar jentamaisin ba bisa awo ba tana kashe ji da ƙoda. Allurar da aka soka a gurbin da bai dace ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, ya tashi yana jan ƙafa. Idan kuma jiki ya ƙi maganin nan take, numfashi ya sarƙe, babu abin ceto a bayan labulen.

Ingancin maganin ma abin dubawa ne. A Fabrairun 2024 hukumomin NAFDAC da PCN sun rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja, don a mayar da sarin magani cibiyar Kanawa da ke Dangwauro a hanyar Zariya. Mataki ne mai ma'ana, amma ya tsaya a kan sari. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da maki 30, ga shi kuwa ana yawo da su a faranti a tashar mota cikin rana tsaka, ko a shago mai rufin kwano babu iska. Mai saye yana da abin yi: ya karɓi magani a kwalinsa, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, idan akwai wurin kankarewa ya kankare ya tura lambar ta saƙon waya ya jira amsa. Haɗin leda ya hana duk wannan, kuma idan aka kai mutum asibiti, likita ba shi da hanyar sanin abin da ya sha.

Mafi ciwo a cikin lamarin shi ne jinkiri. Tarin da ya wuce mako biyu gwajin tarin fuka yake buƙata, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Sifro yana lafar da shi na ɗan lokaci, ya ɓoye shi, mutum ya ci gaba da yaɗa wa iyalinsa. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, kuma cuta ce da ke farawa kamar ciwon maƙogwaro na yau da kullum, alhali maganin dafinta a asibiti kawai yake, kuma a kwanakin farko yake da amfani. Mai hawan jini da ke shan ƙwayar maƙwabcinsa sai ranar da kai ya sara, yana zaune ne da jini a sama sauran kwanakin, har shanyewar ɓarin jiki ta zo.

Rufe kemis ba zai yiwu ba, kuma ba zai yi amfani ba matuƙar asibitin unguwa yana tashi da yamma ko babu magani a ciki. Abin da zai yi aiki shi ne a mayar da mai kemis ƙofar farko mai sanin iyakarta: a horar da shi, a wajabta masa gwajin maleriya da sikelin auna yara da na'urar awon jini, a hana yankan kati da labule da gaske, a ba shi takardar tura marar lafiya da asibiti zai karɓa ba tare da sabon layi ba. Tambaya huɗu kafin ya miƙa komai za su rage ɓarna mai yawa: wa zai sha, shekararsa nawa, akwai ciki ko shayarwa ko wata tsohuwar cuta, kuma me aka riga aka sha.

Akwai kuma halin da ba a tsayawa kemis ko kaɗan. Jariri ɗan ƙasa da wata uku da zazzaɓi. Yaron da ya ƙi nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ke sauri haƙarƙari na lotsawa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. Wuya ya sanƙare, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar shayi. Mai ciki da ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko zubar jini. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, ko zazzaɓin da ya kwana uku ana magani bai sauka ba. Waɗannan asibiti za a nufa a daren, a kuma tafi da duk kwalaye da guntayen katin abin da aka riga aka sha.